Ruwan Zoɓo Mai Kumfa Domin Kwanakin Bazara

Zuwa ga hakimai, da dagatai, da masu unguwa, da dukan manoman ƙasar Jega, da Aliero, da Maiyama. Ga wani bayani a kan abin sha na lokacin zafi. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ya kuma shiga da takardan nan cikin gida, gama yawancin aikin da a ke faɗa a ciki a hannun mata ya ke.

1. Ƙishirwar Bazara

Kowa ya san yadda ƙasarmu ta ke daga watan Maris zuwa watan Mayu. Rana ta kan buɗe tun da hantsi, ma'aunin zafi ya kan wuce 40, har tsuntsu ya kan saki baki a kan reshe. A lokacin nan ne mai albasa ke kwashe amfaninsa a fadamun Aliero, mai gona na sassabe da ƙona sheƙa, ɗan dako kuma na fama da buhuna a kasuwar Jega. Gumi na zuba, jiki na neman abin da zai mayar da shi. Mai ƙishirwa kuwa ba ya tsayawa tambaya. Abin da aka miƙa masa cikin gora, muddin da sanyi, sai ya kafa kai.

Yara da samari sun fi son lemon kwalba, saboda kumfan nan da ke tsattsaga harshe. Amma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai iyali, kuma in ka duba, ba kome a ciki sai ruwa, da sukari mai yawa, da launi, da iska. Alhali kuwa abin da ya fi shi daɗi da amfani yana nan a gefen gonarka da gindin tsamiyar ƙofar gidanka. Abin da ya rage sai sanin yadda za a sa masa kumfa, a tsare shi daga cuta, a kuma hana shi juyewa ya zama abin da Musulmi ba ya sha.

2. Kumfa Iri Biyu Ce

Wannan shi ne tushen maganar duka, saboda haka a lura da kyau.

Kumfan da ke tashi cikin kwalba wata iska ce, Turawa suna kiranta kabon dayoksaid. Ita ce iskar da mu ke fitarwa kadan mun numfasa. Ba ta sa maye ko kaɗan. Amma hanyar da ta ke shiga cikin abin sha iri biyu ce.

Hanya ta farko ita ce ta ruɓa. Akwai waɗansu 'yan halittu ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, sunansu yisti. Suna nan a bawon 'ya'yan itace, da cikin ƙura, da jikin ƙwaryar da ba a wanke ba. Kadan sun sami ruwa mai zaƙi da ɗumi, sai su ci sukarin, su fitar da abu biyu tare, watau iskan nan da kuma giya. Wani masani na ƙasar Faransa, Luwi Fastur, shi ya tabbatar da cewa aikin masu rai ne, tun wajen shekarar 1857. Ta haka a ke samun burkutu da bammi. Duk abin sha mai zaƙi da ya kwana biyu cikin zafi har ya yi kumfa don kansa, to, ya kama hanyar nan.

Hanya ta biyu babu ruɓa a cikinta. A kan samo iskar dabam, a tura ta cikin ruwa. Wani malami na ƙasar Ingila, Josef Piristili, ya zauna kusa da gidan da a ke dafa giya a garin Lids. Cikin shekarar 1767 ya lura da iskar da ke kwanciya bisa manyan tukwanen, ya ga kadan ya riƙe kwanon ruwa a cikinta, ruwan ya kan yi ɗanɗano mai daɗi, ba kuwa giya a cikinsa. A 1772 ya buga takarda, ya nuna yadda za a fitar da iskan nan daga alli da ruwan tsami mai ƙarfi, ba tare da an kusanci tukunyar giya ba. A 1783 wani mai gyaran agogo a birnin Janiba ya mai da abin sana'a, sunansa ne har yanzu a kan kwalaben Schweppes. Ruwan da aka yi wa haka shi a ke kira ruwan soda.

Matanmu ma sun san wannan tun kaka da kakanni, ko da ya ke ba su ba shi suna ba. Kowace mace ta ga yadda ruwan tsamiya ke tashi da kumfa kadan aka jefa masa kanwa. Iskan nan ce dai ke fita, domin tsami ya gamu da kanwa. Shi ya sa a ke cewa kanwa ta kar tsami.

To, abin da za mu koya a nan kumfa ce ta hanya ta biyu. Ita a kan sa ta da hannu, a sha nan take. Wadda ta zo don kanta kuwa, alama ce abin shan ya lalace.

3. Kayan da Za a Tanada

Tun zamanin da fatake ke zuwa da goron Gwanja su koma da kanwa da tufafi, kasuwar Jega ba ta rasa kayan yaji ba. Duk abin da za a lissafa a nan ana samunsa a cikinta, ko a kantunan Sabon Gari. Wannan awo ya ishi mutum 12.

Ruwa, lita 4.
Busasshen zoɓo, wanda mu a nan mu ke kira soɓorodo, cikin gwangwanin madara 4.
Tsamiya, curi ɗaya kamar ƙwan kaza.
Citta, yatsa 3, a daddaka.
Kanumfari, ƙwaya 10.
Sukari, gwangwanin madara 2, ko zuma, ko mazarƙwaila gwargwadon haka.
Lemun tsami.
Ɗan itacen da ke cikin lokacinsa, ko kankana, ko mangwaro, ko abarba.

A zaɓi zoɓo mai duhun ja, wanda ya bushe ƙayau, ba ya warin fumfuna. Kowane abu a nan da aikinsa. Zoɓo ya ba da launi da tsami, tsamiya ta ba da kauri, citta ta ba da yaji mai buɗe maƙogwaro, kanumfari ya ba da ƙanshi. Lemun tsami kuma yana da sinadarin da likitoci ke kira bitamin C, mai tsare dasashi daga zubar jini.

4. Yadda Za a Dafa

Da farko mai aikin ta wanke hannu da sabulu. A tsince zoɓon, a ɗauraye shi sau biyu da sauri domin yashi ya fita, kada a bar shi ya jiƙa, gama launinsa zai bi ruwan wanki.

A ɗora ruwan a wuta tare da zoɓo, da tsamiya, da citta, da kanumfari. Kadan ya tafasa sosai, yana juyawa, a bar shi minti 15. Waɗansu su kan jiƙa zoɓo cikin ruwan sanyi ya kwana, don tsimin itace. Kada a yi haka. Wuta ita ce ke kashe yistin da ke jikin zoɓon da ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan.

A sauke, a tace da ƙyalle mai tsabta wanda aka tsoma cikin tafasasshen ruwa. A zuba sukari tun da sauran zafi domin ya narke. Kada a bar ruwan ya daɗe cikin tukunyar ƙarfe ko ta tagulla, ko bokitin kwano, gama tsami yana cin ƙarfe, ya ɓata ɗanɗano, ya kuma ɓata ciki. A juye cikin tulun ƙasa ko kwanon tangaran, a rufe.

Ɗan itacen kuwa, a wanke bayansa tun ba a sa masa wuƙa ba. A cire 'ya'yan kankana, a murje naman a tace, a zuba ruwan gwangwani 3 cikin zoɓon bayan ya huce. In mangwaro ne, a zaɓi nunanne marar tabo. Wannan haɗin shi ne uwar abin shan. An yi shi da ƙarfi da gangan, domin za a sirka shi daga baya.

5. Sanyi

Ruwan sanyi ya fi ruwan ɗumi riƙe iska. Kadan aka sa kumfa cikin zoɓo mai ɗumi, nan da nan sai ta tsere. Saboda haka sai an sanyaya tukuna.

Wanda ba shi da firji ba ya rasa dabara. Randa tana sanyaya ruwa ne domin jikinta na tsatsafowa, iska na busar da danshin, danshin kuma yana tafiya da zafi, kamar yadda gumi ke yi wa mutum. Wani malami na jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa wata dabara bisa wannan hikima, har aka ba shi lambar girma ta Rolex cikin shekarar 2000. A sami tukunya babba da ƙarama, a sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. A riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Dabaran nan ta fi ci a bazara, sa'ad da iska ta ke a bushe.

Ga gargaɗi a kan ƙanƙara. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, sai dai ya sa su barci. Kadan ba ka san ruwan da aka daskarar ba, kada ka jefa ƙanƙarar cikin abin sha. Ka sa zoɓon cikin gora, ka rufe, ka jingina ƙanƙarar daga waje.

6. Yadda Za a Sa Kumfa

Ba a sa kumfa sai masu sha sun zauna. Hanya biyu ce, mutum ya ɗauki wadda ya iya.

Ta farko, da ruwan soda na kwalba, wanda ba shi da zaƙi ba shi da launi. A sanyaya shi. A zuba uwar zoɓon kashi ɗaya cikin kofi, a matse rabin lemun tsami, sa'an nan a karkata kofin, a zuba ruwan soda kashi ɗaya ko biyu a hankali ta gefe. A juya sau ɗaya tak da cokali. Yawan juyawa yana korar iskar. Kwalba ɗaya ta kan ishi mutum biyu, ga shi sukarin da kowa ya sha bai kai na lemon kwalba ba.

Ta biyu, da farin garin nan da masu yin burodi da cincin ke saye, wanda a ke kira bekin soda. A zuba zoɓo da tafasasshen ruwa mai sanyi, rabi da rabi, kada kofin ya cika. A matse lemun tsami ƙanana 2. Sa'an nan a ɗebo garin kashi ɗaya cikin huɗu na cokalin shayi, a zuba, a juya. Nan take za ka ji yana shu, kumfa ruwan hoda ta taso har baki. A sha kafin ta kwanta. Kadan launin ya juya ya yi baƙi, ko ka ji bauri kamar sabulu, garin ya yi yawa, sai a ƙara lemu.

Kada a haɗa wannan cikin kwalba a toshe, gama iskar ba ta da wurin fita, tana iya fasa kwalbar a hannun yaro. Kada kuma a sa kanwa maimakon garin. Gaskiya ne za ta yi kumfa, amma akwai ƙasa da datti a cikinta, ƙarfinta kuma ba a iya auna shi.

7. Abu Uku Masu Haɗari

Na ɗaya, soda ba ɗaya ba ce. Akwai wadda mata ke yin sabulu da ita, ita ma fara ce, ita ma soda a ke ce mata. Wannan guba ce mai ƙuna. Kurɓi ɗaya ya kan ƙone bakin yaro da maƙogwaronsa, har abinci ya kasa wucewa, ya yi shekaru yana jinya. Kada a sayi garin sai cikin gwangwaninsa ko takardarsa mai rubutu. Mai yin sabulu kuma kada ta jiƙa sodarta cikin kofi ko gorar ruwan sha, ta kuma ɗaga ta inda yaro ba ya kaiwa. In tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a kai shi asibiti nan da nan.

Garin burodin ma ɗan'uwan gishiri ne. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya ko ƙoda, da mai juna biyu, da mai jego, su bar hanya ta biyu. Likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun nuna, tun cikin shekarun 1970, cewa yawan kunun kanwa yana cikin abubuwan da ke kumbura zuciyar masu jego. Mai lafiya ma kofi ɗaya ko biyu a yini ya isa. Mai ciwon sukari kuwa a ɗebar masa nasa tun ba a zuba zaƙi ba.

Na biyu, ruwa. A bazara rijiyoyi su kan ja baya, mutane su koma gulbi da tafki. Ruwan farko kuma ya kan kwashe ƙazantar bayan gari ya zuba cikinsu. Ta nan amai da gudawa ke shigowa. A birnin Landan, cikin 1854, wani likita, Jon Sino, ya bi gidajen da aka yi mutuwa ɗaya ɗaya, ya tarar yawancinsu famfo guda su ke sha. Tun daga nan aka fara gane cewa cutar ruwa ta ke bi. Mu ma mun ɗanɗana. Cikin shekarar 2021 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, jihar Kebbi kuwa tana cikin inda ta taɓa. Saboda haka duk ruwan da zai shiga abin shan nan, har wanda za a sirka da shi, sai tafasasshe. Zuba ɗanyen ruwa a kan dafaffen zoɓo ɓata wuta ne. Gorar da aka tsinto a juji ko bayan asibiti kuma ba ta shiga wannan aiki.

Wanda gudawa ta riga ta kama, zoɓo ba maganinsa ba ne. A dama masa sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi, cikin tafasasshen ruwa lita 1, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan a kan hanyar asibiti.

Na uku, kwana. Malamai sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan jiƙa masa zabibi ya sha, amma ba ya bari ya wuce kwana uku. A zafin ƙasarmu zoɓo mai sukari da ɗan itace ba ya kai haka. Wanda aka dafa da safe a shanye shi kafin a kwanta. Kadan ka ga gora ta kumbura, ko ka buɗe ta yi tsaki alhali ba wanda ya sa mata soda, ko warinta ya sāke, to, yisti ya riga ka. A zubar, kada a ba yara don ƙyashin asara.

8. Abin da Manomi Zai Yi

Abin shan bazara tun damina a ke shirya shi. Yakuwa, wadda mu ke ce wa sure, ba ta da wuyar noma. A shuka ja a gefen gero ko dawa, ko bisa iyakar gona, bayan ruwa ya zauna. Ganyenta ya yi miya da kwaɗo, kan nan nata ja kuma a tsinke shi da kaka, wajen Nuwamba zuwa Disamba. A ɓare, a shanya bisa tabarma ko rumfa, ba a ƙasa ba, ba kuma a bakin hanyar mota ba. In ya bushe sarai a ɗura cikin buhu, a rataye inda danshi ba ya kaiwa. Tsamiya ma a kaɗe ta da rani, a cure, a ajiye.

Kada a rena amfanin nan. Mutanen Masar da Sudan suna shansa, suna ce masa karkade. A Senegal sunansa bisaf. Manoman jihar Jigawa sun mai da shi kayan fatauci, ana loda shi a jirgin ruwa har ƙasar Meziko. Wanda ya shanya nasa da tsabta, ya sha, ya kuma sayar da daraja.

Mai rijiya ko gona a fadama ya dasa lemun tsami ko da gindi biyu ne, ya kewaye da ƙaya saboda awaki. Wanda kuma ya ga 'yar tsamiya ta tsiro a gonarsa, ya bar ta. Ko shi bai sha ba, jikokinsa za su sha.

9. Roƙo ga Shugabanni

Muna roƙon dagatai da masu unguwa su tara mata masu sayar da zoɓo da kunun zaƙi, su gaya musu abu huɗu. A tafasa ruwa duka. A wanke gora da sabulu da ruwan zafi. Kada a haɗa kwantan jiya da na yau. A raba sodar sabulu da ɗakin girki. Mai unguwa ya riƙa leƙa rijiyar unguwarsa, ya ga an ɗaga bakinta, an yi mata murfi, guga kuma ba ya kwana a ƙasa. Wannan aiki ba ya cin kuɗi, amma yana iya tsare gari daga makoki. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ya gwada abin da aka faɗa a nan ya ga ya yi kyau, ya koya wa maƙwabcinsa. Allah ya raba mu da cutar bazara, ya kai mu damina lafiya, ya ba mu amfani mai albarka. Amin.